Yadda Ake Duba Tayimin A Motar Ɗaukar Amfanin Gona

Malam manomi, aikin gona ba ya ƙarewa a bakin kunya. Wanda ya noma tumatir a fadama ya san ranar da aka tsinke shi, ranar ya kamata ya kama hanyar kasuwa. Idan a-kori-kura ta yi zafi ta tsaya a daji, ko ta kasa hawa tudu da kaya, to kafin a nemo makaniki daga gari kwandunan ƙasa sun fara zubar da ruwa. Ga kuma tsadar mai. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a 2023, duk litar da mota ta sha a banza daga cikin ribar gonarka ta fita.

Abubuwa da yawa sukan sa mota ta yi rauni ko ta riƙa shan mai fiye da kima. Ɗaya daga ciki shi ne abin da makanikai ke kira tayimin, watau lokacin da wuta ke tashi a bakin fulogi. Gyaransa ba ya cin kuɗi. Da sifana, da alli, da ɗan ƙwan fitila, mai mota zai iya duba abinsa a gindin bishiya cikin sa'a guda.

WACE MOTA AKE NUFI?

Motar fetur mai distiributa. Distiributa shi ne ɗan tulun nan da ke gefen inji, wanda wayoyin fulogi suka fito daga murfinsa. A ƙasar Nijar za ka ji ana ce masa delko, sunan kamfanin Amurka ne na Charles Kettering, wanda ya ƙago wannan tsarin wuta aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910. Tsofaffin a-kori-kura irin su Peugeot 404 da 504, da Datsun da Toyota masu kafireta, duk suna da shi. An fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, shi ya sa ta cika ƙauyukanmu, har yau kuwa ana ganin wasu suna jigilar buhu ranar kasuwa.

Motocin da suka zo daga baya, waɗanda kwamfuta ke raba musu wuta, ba su da abin murɗawa, kada ka wahalar da kanka. Injin dizal kuma, irin na yawancin taraktoci, ba shi da fulogi ko ɗaya. Lokacinsa yana cikin famfon mai, wannan aikin gwanaye ne masu kayan awo.

ME YA SA WUTA KE RIGA FISTIN ISA?

Fistin yana aiki huɗu a cikin silinda. Ya sauka ya shaƙi iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, su kama wuta su banko shi ƙasa da ƙarfi. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bugun nan na uku shi ne ke tura mota, sauran ukun hidima ce kawai.

Mutum zai zaci sai fistin ya kai ƙololuwa tukuna a kunna wutar. A'a. Fetur ba ya ƙonewa gaba ɗaya nan take. Wutar takan fara daga bakin fulogi, ta bazu kamar yadda wutar daji ke cin ciyawa, sai dai ita wannan cikin ƙiftawar ido take gamawa. Saboda haka ake kunna ta tun fistin yana hanya, domin ƙarfinta ya cika daidai lokacin da ya ɗan wuce ƙololuwa ya juyo ƙasa.

Ana auna wannan rigayen da digiri. Zagaye ɗaya na inji digiri 360 ne. A ce wutar tana bukatar kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ta yi ƙarfi. Idan inji yana silo, yana zagaye 800 a minti, cikin wannan ɗan lokaci zai juya wajen digiri 10. Idan ka taka totur ya kai zagaye 3,000 a minti, zai juya digiri 36. Lissafin ba daidai-wa-daida ba ne, don ita ma ƙunar tana ƙara sauri idan inji ya ɗau gudu, amma ka gane inda aka nufa. Maharbi ba ya saita tsuntsu mai tashi a inda yake, gabansa yake saitawa, kuma iyakar saurin tsuntsun iyakar nisan da zai ba shi.

Wannan ƙarin ba kai za ka yi shi ba, distiributa ke yi da kansa. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu nauyi da ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, su jawo wutar gaba. A gefensa kuma, a yawancin motoci, akwai ɗan gwangwani mai siririn tiyo da ya tafi kafireta, shi ke ƙara jawo ta gaba idan mota tana tafiya ba nauyi. Naka aikin shi ne ka ɗora tushen daidai. Idan tushe ya karkace, duk abin da suka ƙara a kansa a karkace zai tafi.

ALAMUN DA ZA KA GANI

Idan wuta ta yi gaba da yawa, tana bugun fistin tun bai gama hawa ba. Za ka ji ƙara ƙyal-ƙyal-ƙyal, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, musamman in ka ɗora kaya ka kama tudu. Da safe kuma wajen tayarwa, inji yakan yi kamar ya cije, ya ƙi juyawa, kamar batir ya mutu alhali da ransa. Wannan ƙarar ba abin sabo ba ce. Direbobi da yawa sun saba da ita har ba sa jin ta, ita kuwa tana nan tana cin kan fistin, wata rana ta huda shi ko ta ƙona gasket. Ranar kuwa sai an sauke inji.

Idan wuta ta yi baya, fistin ya riga ya yi nisa kafin ƙarfin ya same shi. Mota ta yi sanyin jiki, kana taka totur tana nishi. Ta sha mai. Ragowar wutar ta bi hanyar hayaƙi, bakin salansa wajen inji ya yi zafi ƙwarai, wani lokaci har ya yi ja da dare, ruwan lagireto ya riƙa tafasa. In abin ya daɗe, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone.

Amma fa a kula, ba kowace ƙara ce tayimin ba. Fetur da aka gauraya da kananzir yana sa wannan ƙyal-ƙyal ɗin ko da wuta tana daidai. Haka tarin baƙin gawayi a kan fistin. Lagireto da ya toshe, ko fanbel da ya saki, suna kawo zafi. Matatar iska da ƙurar hunturu ta cika tana sa shan mai. Ka duba waɗannan tukuna. Akwai masu hannu da sauri, da mota ta yi tari sai su kama distiributa su murɗa, su bar ainihin cutar tana nan, su kuma ƙara wata.

KWANTAK TUKUNA

Kashe inji, cire makulli. Ɓalle maƙalai biyu na murfin distiributa ka ɗaga shi, kada ka zare wayoyin. Za ka ga rota a sama, ka zare ta. A ƙarƙashi akwai kwantak, ƙarafa biyu masu haɗa baki suna rabuwa. Sandar tsakiya tana da tudu huɗu a injin silinda huɗu, kowane tudu ya zo sai ya ture dunduniyar kwantak ya buɗe bakin. A daidai lokacin da bakin ya rabu kwayil ke sakin wuta. Riƙe wannan da kyau, don duk aikin a kansa yake: buɗewar kwantak ita ce tashin wuta.

Ke nan faɗin bakin yana canja tayimin. Baki mai faɗi yana buɗewa da wuri, wuta ta yi gaba. Baki matsattse yana makara, wuta ta yi baya. Dunduniyar nan kuwa kullum gogewa take, bakin yana ƙara matsewa a hankali. Shi ya sa motar da ba wanda ya taɓa ta za ka ga bayan watanni ta yi nauyi. Wanda ya saita tayimin kafin ya gyara bakin kwantak ya yi aikin baban giwa, don da ya taɓa kwantak ɗin komai ya sake gocewa.

Juya inji da hannu har dunduniyar ta hau kan tudu sosai, ka auna bakin da ma'aunin nan mai ganyayen ƙarfe da ake kira fila. A yawancin irin waɗannan motoci, har da Peugeot, wajen milimita 0.4 ne, amma littafin motarka shi ne alƙali. Ganyen ya shiga yana ɗan gogawa, ba sakwaf ba, ba kuma da tilas ba. In bakin ya ƙone ya yi rami, sayi sabon kwantak tare da kondansa, ba su da tsada. Shafa ɗan giris kamar kan ashana a jikin tudun, kada ya taɓa bakin.

Tun kana wurin, mayar da rota ka ɗan murɗa ta wajen da take juyawa ka saki. Ya kamata ta motsa kaɗan ta komo da kanta. In ta ƙame, ƙarafan ciki sun yi tsatsa. Zare siririn tiyon nan daga kafireta ka tsotsa, farantin da kwantak ke kai ya motsa, ya kuma tsaya muddin ka toshe tiyon da harshe. In iska kake ta zuƙa ba iyaka, fatar cikin gwangwanin ta huje. Duba murfin ma ko ya tsage. Fulogi kuma a wanke, a daidaita bakinsu, yawanci tsakanin milimita 0.6 da 0.8.

NEMAN ALAMA

A gaban inji can ƙasa akwai fulin da fanbel ke zagayawa. A gefensa akwai 'yar tsaga, a jikin inji kuma akwai ɗan ƙarfe mai tsini ko faranti mai lambobi. Goge laka da baƙin mai, ka shafa alli ko farin fenti a cikin tsagar. Idan tsaga ta yi daidai da sifiri, fistin na ɗaya yana ƙololuwa. Lambobin da tsagar ke riska kafin ta kai sifiri su ne digirin da ake magana. A wasu motoci alamar tana baya, a jikin babban faifan da kuloci ke kamawa, ana leƙa ta ta wata 'yar taga. Tsohuwar 404 rami gare ta a can, ana zura siririn ƙarfe, in ya faɗa cikin tsagar faifan to an zo wurin wuta. Kada dai a manta da ƙarfen a ciki a tayar da inji.

Digiri nawa? Yawancin waɗannan injuna suna tsakanin 5 da 12 kafin ƙololuwa, amma kowane da nasa. Duba littafi, ko takardar da ke manne a cikin bonet, ko ka tambayi makanikin da ya san irin motar. Kada ka ari lambar motar maƙwabcinka.

Idan sifiri kaɗai ke akwai, ba lambobi, zagaya bakin fulin da zare ka auna tsawonsa, ka raba gida 360. Fulin da zagayensa ya kai santimita 36, kowace milimita ɗaya digiri ɗaya ce. In ana son digiri 8, sai ka auna milimita 8 daga tsagar zuwa wajen da fulin ke juyawa, ka yi sabon zane. Wannan zanen shi zai riga tsagar isa bakin tsinin.

Silinda ta ɗaya a yawancin motoci ita ce ta wajen lagireto, su Peugeot kuwa daga baya suke fara ƙirga. Wannan kada ya dame ka. A injin silinda huɗu a jere, fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa tare suke sauka, ko wanne ka ɗauka alamar za ta fito. Wayoyin fulogi ne dai ba a rikitawa. Jerin wutarsu a yawanci 1, 3, 4, 2 ne. In dole ka cire su, ɗaura wa kowace zare mai ƙulli gwargwadon lambarta.

SAITI DA ƘWAN FITILA

Wannan hanya ta masu kwantak ce kaɗai, inji kuma a kashe ake yin ta. Nemi ƙaramin ƙwan mota mai bolt 12, ka haɗa masa waya biyu.

Cire giya, ja birkin hannu, sa dutse a taya. Kafin ka kwance komai, ɗauki ƙusa ka ja layi ɗaya daga gindin distiributa zuwa jikin inji. In aiki ya rikice, nan za ka komo.

Sa sifana a notin fuli ka juya inji wajen da ya saba juyawa, kana lura da wajen da rota ke bi. In ya yi tauri, cire fulogi zai yi laushi. Juya har alamar digirinka ta yi daidai da tsini. In ka wuce, kada ka ɗan komo da baya ka ce ya yi. Koma baya sosai ka sake zuwa, domin sarƙar ciki tana da ɗan sako-sako, sai an jawo ta ta gaba take faɗin gaskiya.

Maƙala waya ɗaya a inda siririyar wayar distiributa ta haɗu da kwayil, ɗayar kuma a jikin ƙarfen inji. Sassauta notin da ya ɗaure gindin distiributa, sassautawa kawai, yadda zai juya da ɗan ƙarfi. Murɗa makulli fitilun gaban direba su kama, ba tayarwa ba. Yanzu juya distiributa wajen da rota ke bi har ƙwan ya mutu. Sa'an nan ka komo da shi a hankali, a hankali, kishiyar rota. Inda ƙwan ya fara kamawa, tsaya cak. Nan kwantak ya buɗe. Ɗaure notin.

Gwada aikinka. Juya inji zagaye guda ka taho da alamar sannu, ƙwan ya kama daidai lokacin da ta iso tsini. In ya riga ko ya makara, sake. Ɗaurin noti kansa yakan ɗan ja distiributa. Da ka gama kashe makulli, don barinsa a kunne inji ba ya aiki yana dafa kwayil ya ƙona kwantak.

SAITI DA FITILAR TAYIMIN

Wannan ta fi kyau, don tana nuna abin da inji ke yi yana cikin aiki. Ita ce kuma kaɗai hanya ga distiributan da ba shi da kwantak, irin na lantarki da ya fara yawa tun shekarun 1970. Fitila ce mai kama da ƙaramar bindiga, tana walƙiya duk lokacin da fulogi ya ba da wuta. Ba dole kowa ya mallaka ba. Ƙungiyar manoma mai motoci biyu ko uku ta sayi guda ta ajiye wurin ma'aji, ya wadatar.

Bari inji ya yi ɗumi tukuna. Jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a ɗayan, maƙalin kuma a wayar fulogi na ɗaya. Idan littafi ya ce a cire siririn tiyo, cire shi daga distiributa ka toshe bakinsa. Silo ya zauna inda aka ce, yawanci tsakanin zagaye 700 da 900 a minti, don in ya yi sama ƙarafan nan sun fara buɗewa, awon ya zama ƙarya.

Haska fulin. Za ka ga farin allin ya tsaya cik kamar inji ba ya juyawa. In bai yi daidai da lambarka ba, sassauta noti ka juya distiributa: kishiyar rota wuta ta yi gaba, bin rota wuta ta yi baya. Kaɗan-kaɗan fa. Distiributa rabin gudun inji yake yi, saboda haka digiri ɗaya a hannunka digiri biyu ne a fuli. Ɗaure, ka sake haskawa. Sa'an nan wani ya ɗan taka totur, ka ga alamar ta gusa gaba sumul, ta komo in an saki. In ta ƙi gusawa, ko tana tsalle nan da can a silo, to sandar distiributa ta goge ko sarƙa ta saki, sai a kai wa makaniki. Mayar da tiyo.

A nan ne haɗari yake. Walƙiyar da ta tsayar da alli tana iya sa fanka ma ta yi kamar a tsaye take, alhali tana nan tana gudu. Tuɓe babbar riga, naɗe hannun taguwa, janye wayoyin fitila daga fanbel. Riƙe distiributa ta gindi, ba ta murfi ba, wutar wayoyin nan dubban bolt ce, in ta fizge ka hannunka fanka zai nufa. Kada a tayar da inji cikin rufaffen ɗakin ajiya, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. Yara su matsa nesa, galan ɗin fetur ma haka.

GWAJI A HANYA

Wasu makanikai da kunne suke saiti, su murɗa har inji ya ɗau kuka mai daɗi su ɗaure. Inji ba kaya yana son wuta gaba, shi ya sa saitin kunne kusan kullum yakan zarce. Daɗin kukan a gareji ne, ranar da aka ɗora buhu goma sai tsakuwa ta fara kaɗawa.

Saboda haka gwada ta da kaya. Sami miƙaƙƙiyar hanya, sa giyar ƙarshe, kana tafiya wajen kilomita 40 zuwa 50 a sa'a, sai ka taka totur har ƙasa. In ta ɗauka sumul, shi ke nan. In ƙyal-ƙyal ya biyo ya ƙi ɗaukewa, mayar da wuta baya digiri 2 ka sake gwadawa. Tsohon inji mai gawayi a ciki, ko man da ba shi da kyau, yakan bukaci haka ko da littafi ya faɗi wata lamba. Idan ta zauna, ja sabon layi da ƙusa, ka rubuta ranar da lambar kilomita a littafin gona. A sake dubawa duk lokacin da aka canja kwantak, ko bayan kamar kilomita 10,000. Wanda ma'aunin tafiyarsa ya mutu, ya duba gab da kaka, ya sake gab da ɗibar kayan lambu.

INJIN BAN-RUWA

Masu noman rani sukan tambaya ko ƙaramin injin ban-ruwa na fetur shi ma ana yi masa haka. Ba a yi. Ba shi da distiributa. Wutarsa daga maganaɗisun da ke jikin faifan da igiyar tayarwa ke juyawa take fitowa, wani ɗan guntun ƙarfe mai kama da tsinin wata ne ke riƙe faifan a mazauninsa a kan sanda. Muddin guntun nan yana lafiya, lokacin wuta ba ya gocewa. In notin faifan ya saki, ko wani abu ya cije injin ya tsaya farat ɗaya, guntun yakan yanke, faifan ya zame. Alamarsa, ga mai, ga wuta a fulogi, amma inji ya ƙi tashi, ko ya riƙa fizge igiya daga hannunka. Sai a cire faifan a sa sabon guntu irin nasa, a ɗaure notin sosai. Kada a fere ƙusa a cusa a madadinsa, don in ba ta cika ramin daidai ba faifan zai yi ta wasa har ya cinye sandar.